Yadda Za Ka Tsaga Ikkilisiya Gida Biyu Kuma Ka Ci Jibin Ubangiji

Ya kai ɗan'uwa cikin Ubangiji, idan zaɓe ya ƙarato, kuma ranka yana ɓaci duk Lahadi saboda kana zama benci ɗaya da waɗanda za su dangwala wa wata jam'iyya, to ga magani. Duk wanda ya bi waɗannan matakai daki-daki, na yi masa alkawari kafin a buɗe akwatin ƙuri'a zai tsaga ikkilisiyarsa kamar yadda ake tsaga ƙwallon koko, ba tare da an tuɓe shi daga dattijantaka ba, ba tare da an hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a coci, ba.

An gwada hanyar a cocinmu na kan tudun Kwahu, a hannun Masta Koranteng, tsohon hedimasta, dattijon ikkilisiya, ɗan jam'iyyar Fitila. Wanda aka yi gwajin a kansa shi ne Ntiamoah, manomin koko, ɗan jam'iyyar Garma, wan matar Masta, wanda tun suna samari suke rera waƙa daga littafi ɗaya.

Mataki na ɗaya: Ka fara da hankici

Kada ka fara da baki, domin baki yana barin shaida. Idan an tashi rawar kai baiko gaban bagade, kowa yana kaɗa farin hankicinsa, kai ka zaro mai ruwan goro, launin jam'iyyarka, ka kaɗa shi sama da na kowa, fuskarka cike da tsoron Allah. Haka Masta Koranteng ya yi. Lahadin da ta biyo baya, hankici mai launin shunayya, na 'yan Garma, ya amsa masa daga ɓangaren hagu. Kafin wata ya fita, farin hankici ya zama na tsofaffin da ba sa gani sosai.

Mataki na biyu: Ka mai da addu'a sanda

Fa'idar addu'a ita ce ba mai iya katse ka, kuma dole abokin hamayya ya ce amin. Idan layin addu'ar jama'a ya zo kanka, ka roƙi Ubangiji ya haskaka ƙasar nan, ka nanata haske har kowa ya gane fitilar da kake nufi. Sa'an nan ka yi roƙo domin waɗanda suka makance, da murya mai rawa, kana ɗan juya fuska hagu.

Ranar da Masta ya yi wannan addu'a, Ntiamoah ya zo cin fufu gidansa bayan sujada, kamar yadda ya saba kowace Lahadi tun auren ƙanwarsa. Ya wanke hannu ya ce, "Akonta, mijin ƙanwata, yau ka sha wahala. Saura kaɗan ka ba Ubangiji lambar rumfar zaɓe."

"Surukina, wanda ya ji zafi, shi aka taka."

"Ni ban ji zafi ba, barci na ji. Miƙo mini kan kifin nan, tunda kai haske kake ci."

Suka yi dariya. Ka lura da wannan dariya, mai karatu, domin ita ce babbar abokiyar gabarka. Muddin mutum biyu suna dariya a kan akushi ɗaya, aikinka bai fara ba.

Mataki na uku: Ka buɗe wa masu kyauta ƙofa

'Yan takara suna son Allah ƙwarai a shekarar zaɓe. Masta ya gayyato na Fitila, ya zo ya yi rawa a gaban bagade, ya bar kujerun roba masu hannu, da sunansa a bayan kowace. Aka jera su a dama. Na Garma ya ji labari, ya zo shi ma ya yi tasa rawar, ya sa aka ɗaura fankoki a rufi, a hagu kaɗai. Daga nan ba ka da sauran aiki. Masu kujera suna gumi, masu fanka suna ciwon baya, kuma kowane ɓangare ya gwammace azabarsa da ya tsallaka hanyar tsakiya.

Mataki na huɗu: Ka nemo laifi mai kama da kishin Allah

Wannan mataki yana bukatar natsuwa. Ba za ka ce ka ƙi mutum saboda ƙuri'arsa ba, wannan maganar mashaya ce. A taron dattawa Masta ya miƙe cikin baƙin ciki, ya ce ya lura Ntiamoah, wanda ke ɗaga wa mawaƙa murya, yana jan waƙoƙin sujada da irin kiɗan da motar Garma ke yawo da shi a kasuwa. Ya ce ba don kansa yake magana ba, don tsarkin wurin ne. 'Yan Fitila sun fi yawa a cikin dattawa. Aka ce Ntiamoah ya huta da waƙa sai an gama bincike.

Ntiamoah bai yi gardama ba. Ya daina shiga coci, ya daina zuwa cin fufu. Amma bai daina zuwa ba. Kowace Lahadi yakan ɗauko ɗan kututture ya zauna ƙarƙashin mangwaron da ke bayan tagar ƙarshe, in an ɗaga waƙa ya saka tasa kakkaurar murya daga waje.

Masta ya ce a ransa wannan taurin kai ne. Ya kuma lura abincin Lahadi ya rage daɗi, ya ɗora laifin a kan rogon bana.

Mataki na biyar: Ka iya amsa a ɗakin magana

Ga inda ragwaye ke faɗuwa. Kowa ya san a makon Jibi dole mai niyyar ci ya je magana, ya zauna gaban Fasto shi kaɗai, a tambaye shi ko yana zaman lafiya da 'yan'uwa. Wanda ya ce a'a, ya haƙura da teburin sai ya gyara. Saboda haka ka shirya amsarka tun daga gida, ka faɗe ta da sauri, idonka a kan bango.

Fasto Larbi saurayi ne, kuma ya san kujera da fanka duka a cocinsa suke. Ya tambaya a hankali, "Masta, akwai wanda kuke da damuwa da shi?"

"Ko ɗaya, Papa."

"Har da... wanda ke ƙarƙashin mangwaro?"

"Papa, ni na koyar da mahaifinka lissafi. Ban yi faɗa da kowa ba. Shawarar dattawa ce, ni kuwa mai biyayya ne."

Fasto ya dubi hannuwansa, ya yi masa addu'a, ya sallame shi. Masta ya fito yana jin kansa sakayau.

Mataki na shida: Ka shirya matarka ita ma

Wannan Masta ya manta, kuma ina roƙonka kada ka manta. Ranar Jibi mata masu ci fararen kaya suke sawa, daga ɗankwali har zane. Da safe Masta ya gama ɗaura baƙin kwat ɗinsa, sai ga matarsa, Maame Oforiwaa, ta fito cikin atamfar zuwa kasuwa.

"Ina fararen kayanki?"

"Suna cikin akwati, Maigida."

"Ba ki je magana ba ne?"

"Na je. Papa ya tambaye ni, na ce a'a."

"Ke da wa kika yi faɗa?"

"Da kai. Ba ka sani ba ne saboda ban daina dafa maka abinci ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Ni ban yi makaranta mai zurfi ba, ban iya amsar hedimasta ba. Wana yana zaune a kan kututture kamar mai sayar da lemo, mijina yana riƙe da farantin Ubangiji. Da wane bakin zan ci?"

"Oforiwaa, mutane za su gani."

"Ai don su gani ake sa fari."

Tun ranar da aka tabbatar da ita cikin masu cin Jibi tana budurwa, Jibi bai taɓa wuce ta ba, ko da goyo, ko da zazzaɓi, sai wannan rana.

Mataki na bakwai: Kada ka kai benci na ƙarshe

Idan an ba ka farantin gurasa ka raba, ka tsaya a layukan gaba, inda naka suke. Ka bar na baya wa wani dattijo. Duk abin da ka gina yana iya rushewa a tsakanin bagade da ƙofa.

Masta ya san wannan, amma ƙafarsa ta saba da hanyarta. Ya bi layi-layi, hannuwa suna miƙowa, har ya iso benci na ƙarshe, inda marasa ci ke zama. Ga Maame Oforiwaa a bakin taga, hannuwanta a naɗe cikin zane. Ba ta ɗago ba. Ta tagar kuwa muryar Ntiamoah tana shigowa, tana riƙe da gindin waƙar da mawaƙan ciki suka kasa riƙewa.

Ya tsaya har na kusa suka fara waiwaye. Ya dubi gurasar. Shi ne zai ci bayan kowa ya ci, kuma ya san abin da ya faɗa a ɗakin magana. Sai ya juya, ya miƙa farantin ga dattijon da ke bayansa, ya fita ta ƙofa a kan idon 'yan hagu da 'yan dama.

Ntiamoah ya gan shi tafe, bai tashi ba. "Akonta, ka ɓata hanya? Nan babu kujera mai hannu."

"Ƙarya na yi maka a taron dattawa. Kiɗanka bai canza ba."

"Na sani. Ai ni ke yin kiɗan."

"Taso mu shiga."

Ntiamoah ya gyara zama a kan kututturen. "Ɗan takararka dai faɗuwa zai yi."

"Na ji. Taso."

"Kuma hankicin nan naka ya yi kama da tsumman goge manja."

"Ntiamoah, gwiwata tana ciwo. Taso."

Suka shigo tare, suka zauna a benci na ƙarshe, Maame Oforiwaa a tsakiya. Aka zagayo da ƙoƙo ya wuce su. A ranar babu wanda ya ci a cikin su ukun, kuma shi ne karon farko da aka ga dattijo Koranteng a layin marasa ci, hannu wofi, kai a sunkuye.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin abin da zai biyo baya. Idan ka bi matakan nan ka yi nasara, ikkilisiyarka ta tsage, ka ci gurasarka kai kaɗai cikin kwanciyar hankali, to nasarar taka ce, kuma kai za ka yi bayaninta a gaban Mai teburin, ba ni ba. Idan kuwa ka faɗi a mataki na bakwai, kada ka kawo mini ƙara. Ka nemi benci na ƙarshe, akwai sauran wuri.