Rasuwar Mai Jar Hula, Makirfon Rediyo Kamphepo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da ya kasa kallon maƙwabta, ni Yotamu Kalinde, dattijon coci, shugaban ƙungiyar masu Rediyo Kamphepo, nake sanar da jama'ar bakin tafki rasuwar makirfonmu, wanda yara da manya suka sani da Mai Jar Hula. Ya cika ranar Talatar da ta wuce, bayan doguwar jinya a aljihun teburina, yana da shekara goma sha tara a bakin aiki. Babu kowa a kansa sai ni, ni ɗin ma ban cancanci tsayawa a kansa ba.

An kawo marigayin garin nan daga Lilongwe, babban birninmu, a cikin kwalin sabulu, shekarar da muka kafa gidan rediyon. Babu mai kuɗi a cikinmu. Aka ce duk mai son ya zama mai gida ya kawo bokiti ɗaya na busasshen usipa, ƙananan kifin tafkinmu, ko kwandon masara, a rubuta sunansa. Hannun jari ɗaya, ƙuri'a ɗaya, ko kai mai gari ne ko mai wankin kifi. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu suka kawo. Saboda haka marigayin ya tashi da iyaye ɗari huɗu da goma sha biyu, kowannensu yana iya nuna shi ya ce nawa ne, kuma bai yi ƙarya ba.

Tun yana sabo iskar tafki ta sa shi gaba. Da an fita da shi waje sai ka ji fuuu, fuuu a rediyo, maganar mutum ta ɓace. Kaka Nankhoma, tsohuwar da ke sayar da kunu a ƙofar kasuwa, ita ce ta zo ta tsaya a kanmu riƙe da ƙugu ta ce, "Ku manyan banza, haka za ku bar yaron nan tsirara a cikin iska? Ba ku da imani ne?" Bayan kwana biyu ta dawo da hular ulu ja da ta saƙa da hannunta, ta sa masa. Iska ta daina shiga. Duk ƙarshen shekara takan zo ta cire hular ta wanke, ta mayar, tana yi mana faɗa a kan datti.

Marigayin mutumin kirki ne, in har ana cewa makirfo mutum. Bai taɓa zaɓen baki ba. Kowace Asabar, Esinati Chisale, manajar gidan kuma babbar muryarsa, takan ɗauke shi da doguwar wayarsa zuwa gindin kukar bakin ruwa, inda ake sauke kifi. Takan ƙwanƙwasa shi sau biyu, ya amsa da kuf, kuf, sai layi ya kafu. Ta bakinsa aka yi cigiyar awaki da kwalekwale. Ta bakinsa aka sanar da haihuwa, aka kira dangi jana'iza tun gawa ba ta yi sanyi ba. Ta bakinsa masunta suka yi shekaru suna kuka da manyan jiragen kamun kifi da ke shigowa ruwanmu suna yayyaga mana koma. Fushinsa ɗaya ne: idan kansila ya matso da baki yana ihu, sai ya saki wiiii mai huda kunne, jama'a su kwashe da dariya su ce Mai Jar Hula ya ƙi.

Yanzu sai maganar ciwon ajalinsa. Nan ne alƙalamina yake nauyi.

Shekara biyu da suka wuce aradu ta faɗa wa eriyarmu. Muka lallaɓa ta, amma muryar ta daina kaiwa ƙetaren ruwa. Ana cikin haka sai ga wani Mista Kalua daga birnin Blantyre, wakilin Kamfanin Thambo, mai gidajen rediyo da jarida. Gidana ya zo, ya ci nsima, tuwon masararmu, da hannu, ya yaba miyar matata. Ya ce, "Baba shugaba, mu fa ba saye muka zo yi ba, haɗa kai muka zo yi. Sabuwar eriya, muryarku har bayan duwatsu. Ku dai ku mayar da ƙungiyar kamfani, mu riƙe kashi sittin, ku riƙe arba'in. Ku kuma, Baba, mutum irinku ai bai kamata ya ƙare a gindin kuka ba. Akwai kujerarku a hukumar gudanarwa."

Kujerar nan ita ta shiga raina. Ba zan ɓoye ba, tun a ranar na fara ganin kaina da kwat a Blantyre.

Dokarmu ta ce ba a sayar da ko ƙusa sai kashi biyu cikin uku na masu gida sun yarda, kuma na san ba za su yarda ba. Amma akwai wata dokar da muka yi don marasa lafiya da masu jego: wanda ba zai iya zuwa taro ba, ya dangwala yatsa a takarda, shugaba ya jefa masa ƙuri'a. Taronmu na shekara kullum da damina ake yi, lokacin da aka rufe kamun kifi kowa yana gida. Ni na ɗauke shi na kai shi tsakiyar lokacin usipa, maza suna kan ruwa, mata suna kan shanya, babu mai iya barin aikinsa. Sannan na hau kekena da takardu da tawada, na bi gari gari.

Da na isa wurin Kaka Nankhoma tana dama kunu. Ta ce, "Yotamu, wannan kuma na mene ne?"

Na ce, "Maganar gyaran eriya ce, Kaka."

Ta ce, "To, ai kai ne idonmu, ɗan nan. Kamo yatsan, hannuna da gari."

Ni na kama babban yatsanta da hannuna, na tsoma a tawada, na danna. Ta goge a zaninta, ta ba ni kunu kyauta, na shanye. Haka na tara yatsu ɗari uku da ɗaya, kowanne da kalmar gyaran eriya.

Ranar taro mutum ashirin da uku ne a ajin makarantar firamare, har da ni. Esinati ta miƙe ta ce, "Baba Yotamu, wa ya mallaki shi Thambon? An bincika?" Na ce ta zauna, ba a yi wa manya katsalandan. Aka zo ƙuri'a, hannu ashirin da biyu suka ce a'a. Na ɗaga nawa guda ɗaya, na ajiye takardun a kan tebur, shi ke nan magana ta ƙare.

Ashe tambayarta tana da amsa. Thambo mallakar wani kamfani ne, shi ma na wani kamfanin ne, in ka bi su har sama sai ka tarar da mutum ɗaya zaune, kuma shi ne mai manyan jiragen nan da ke yayyaga mana koma. Na ji wannan ne bayan an kafa sabuwar eriya, an yanka ƙyalle, an ɗauke ni hoto.

Shirin Asabar aka fara tsayarwa, wai za a gyara tsarinsa. Sannan aka ce duk shirye-shirye daga Blantyre za a riƙa turowa, mu namu yaɗawa. Sannan aka ce sanarwar mutuwa da haihuwa a aika ta waya, a biya, a jira layi. An bar Esinati wata uku ta miƙa ragama, kuma ita aka ba takardar rufe shirin ta karanta wa jama'a. Saboda haka maganar ƙarshe da ta fita ta bakin marigayin ita ce an rufe shirin gindin kuka, da muryar Esinati. Daga nan aka zare masa waya, aka mayar da ɗakin watsa shiri wurin ajiye allunan talla. Na tsince shi a ƙasa bayan ƙofa, na kawo shi gida.

Jama'a muryar da suka ji ita suka kama. Aka ce Esinati ce ta sayar da rediyo, wai har an ba ta fili a Blantyre. Mutum ashirin da biyun nan sun yi ta cewa ba haka aka yi ba, amma wa zai yarda dattijon coci ya yi wannan? Aka ce yarinyar ce ta ruɗe ni da takardu. Aka daina sayen tumatir a teburin mahaifiyarta. A gabana aka sha faɗin wannan magana, ban taɓa ƙaryata ta ba. Sau ɗaya ma, Allah ya gafarta mini, na girgiza kai na ce yaran zamani sai addu'a.

Kujerar tawa kuwa, sau ɗaya na zauna a kanta. Ina can ƙarshen tebur kusa da ƙofa, aka ba ni shayi da biskit. Na ɗaga hannu na yi maganar sanarwar mutuwa, wata yarinya mai kwamfuta ta ce, "Mun rubuta, Baba." Da aka zo ƙuri'a na sake ɗaga hannu, Mista Kalua ya raɗa mini cewa tawa kujerar ta girmamawa ce, ba ta da ƙuri'a. Na sauke hannun na sosa ƙeya.

A watan jiya Kaka Nankhoma ta rasu. 'Yarta Ndaziona ta aika sanarwa tun da safe, ta biya, muka kunna rediyo muna jira. Muka ji tallan sabulu, muka ji tallan taki, muka ji waƙa. Sai bayan kwana tara aka karanta. Ƙaninta da ke ƙetaren ruwa, wanda sabuwar eriyar take kaiwa garinsu tar, bai ji ba sai a ranar. Matar da ta shayar da rabin garuruwan nan kunu, da 'yan unguwa kawai aka binne ta.

Ni na yi wa'azi a jana'izar. Ina tsaye da Littafi Mai Tsarki a hannu Esinati ta shigo da itace a ka, za ta taya mata girki. Tana saukewa wata ta tare ta ta ce, "Kwashe itacenki, je ki dafa wa mutanen Blantyre." Wata ta ce, "Kin rufe bakin gari, yau kuma kin zo cin nsimar mutuwa? Ba ki da kunya?" Esinati ta sunkuya. Ta sake ɗora itacen a ka. Da ta zo wucewa ta gabana ta rage murya ta ce, "Baba Yotamu, ni na gaji da faɗa, ba a jin tawa. Yatsan Kaka dai kun san inda yake." Na buɗe littafin na ci gaba da karanta wa mutane ayar gaskiya. Kai, ban taɓa jin ƙyamar muryata kamar ranar ba.

Ranar Talata na ciro marigayin daga aljihun tebur, na kai shi coci na jona a na'urar lasifika. Na ƙwanƙwasa sau biyu. Babu kuf. Na hura, na kira sunan gari, shiru. Mai gyaran rediyo na kasuwa ya buɗe shi ya ce laima ta cinye cikinsa, tsatsa har ta kai zuciya, da ana amfani da shi da an lura tun da wuri. Ya tambaye ni wa ya ajiye shi haka. Na ce ni ne.

Marigayin ya rasu ya bar doguwar wayarsa, mai ɗauri bakwai. Ya bar sandarsa da aka ƙera da ƙarfen keke. Ya bar jar hularsa, wadda bana babu mai wanke ta. Ya bar Esinati Chisale, wadda ta ɗauke shi shekara goma sha tara, ba ta karɓi ko kwaca ɗaya na kuɗin ƙasarmu daga Thambo ba, ba ta da fili a Blantyre, kuma ita ce ta fara cewa a'a. Ya bar iyaye ɗari huɗu da goma sha ɗaya, waɗanda yawancinsu har yanzu ba su san yadda aka yi ɗansu ya fita daga hannunsu ba. Ya kuma bar ni, wanda ya fitar da shi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe a gindin kukar bakin ruwa. Na aika wa Blantyre takardar ajiye kujerarsu. Zan zo da takardun yatsun nan duka, in tsaya inda Esinati take tsayawa, in kira kowane suna, in faɗa wa mai shi abin da na ce masa da abin da na yi da yatsansa. Da sunan Kaka Nankhoma zan fara. Babu lasifika, muryata kuma ta tsufa, don haka a matso kusa. Hular za a miƙa wa Ndaziona. Gawar kuwa a hannun Esinati zan sa ta, in ta yarda ta karɓa daga hannuna. In ta ƙi, tana da gaskiya.

Ba za a ji wannan sanarwa a rediyo ba. Na liƙa ta a jikin kuka, da ƙofar coci, da ƙofar masallaci, da asibiti. Wanda ya karanta ya faɗa wa wanda bai iya karatu ba, mai kwalekwale ya kai ta ƙetaren ruwa. Ba a karɓar kuɗin ta'aziyya ko abinci. Roƙo ɗaya nake yi: kada kowa ya aiko wani a madadinsa, kada kowa ya ba da saƙo, balle a ba ni. Ko usipa ya cika tafkin nan har baki, kowa ya zo da ƙafarsa.