Ranar da Na Kayar da Uban Ango

Ba zan taɓa mantawa da yinin ɗaurin auren Rabi ba, ko na so mantawa mutanen unguwarmu ta Nuzla a Jidda ba za su bar ni ba. Rabi 'yar marigayi yayana ce, ni ne waliyyinta, kuma ni na kama wurin biki a bayan gari da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar. Wato kome ya faru a wurin, sunana za a fara kira.

Sana'ata gyaran firji a Sharafiyya, amma a unguwa "Lauya" ake ce mini. Ba makarantar da na shiga, bakina ne dai ba ya gajiya da faɗin abin da doka ta hana (matata ta ce ko gishiri ya yi yawa a miya sai na kawo mata hukuncinsa). Shekarata ashirin da ɗoriya a Jidda, ɗan sanda bai taɓa riƙe hannuna ba, kuma ina alfahari da haka.

Ana gobe biki mahaifiyar amarya, Yaya Hauwa, ta ja ni gefe.

"Malam Sani, na ji wata magana. Wai dangin ango za su harba bindiga sama, ɗaya ko biyu, don murna."

Dangin angon Hausawan Sudan ne, mutanen kirki, amma a nan ba a wasa da wannan. Riƙe bindiga babu lasisi laifi ne, harba ta a taro wani laifin ne daban. Akwai ɗauri, akwai tara, baƙo kuma in ya gama zaman gidan yari jirgi za a sa shi. Na ga wani biki da aka yi haka: harsashin ya sauko kan motar wani, ango ya yi kwanakin amarcinsa a hannun hukuma. Ga shi kusan rabin waɗanda muka gayyata Umra ce ta kawo su, ba su koma ba. In 'yan sanda suka shigo, tambayar bindiga za su fara, su ƙare da tambayar takardu.

Na ce, "Yaya, ki bar mini wannan."

Ranar biki bayan la'asar, ana ta sauke farantan shinkafa da rago, ni ko loma ban kai ba. Na tsaya bakin ƙofa cikin sabuwar babbar riga ina auna ƙugun kowane baƙo da ido. Wani bawan Allah har sai da ya ɗaga rigarsa ya nuna mini wayarsa ce.

Can sai ga uban ango, Alhaji Usman, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, ya buɗe bayan mota ya zaro wani dogon abu naɗe cikin koren ƙyalle. Gefe ɗaya siriri, ɗaya gefen ya lanƙwasa kamar gindin bindiga. Ya rungumo shi da hannu biyu, ya ratso tsakiyar mutane, ya ɗaga siririn bakin ya nuna ni.

"Yawwa, Lauya! Kai nake nema."

Har yau ban san inda na samo ƙarfin ba. Mutumin da hawa bene ɗaya ke sa shi haki, sai ga ni na tsallake faranti biyu, na yi kukan kura na rungumi tsohon nan muka zube kan darduma. Rawaninsa ya yi gabas, hulata ta yi yamma, gwiwata ta lume cikin shinkafa. Wandona kuwa ya yi wata ƙara da kowa ya ji.

Kuma ban yi shiru ba, nan ne abin ya fi muni. Ina kwance kan uban ango, na danne koren ƙyallen da ƙirji, ina ta zuba hukunci da ƙarfi: "Haram! Mamnu'! Doka ta hana! Ɗauri ne, Alhaji! Za a tafi da ango, za a tafi da ni, za a kwashe bayin Allahn nan a mayar da su gida! Saboda ƙara ɗaya za ka rushe gidaje hamsin?"

Daga ƙarƙashina dattijon ya ce, cikin natsuwa, "Ɗana, in ka gama, ɗaga ni in ba ka tsarabarka."

Aka warware ƙyalle. Sanda ce. Sandar dogarawa ta baƙin itace, mai lanƙwasasshen kai da zoben azurfa, ya sa an kawo masa ita daga Sudan don ya girmama waliyyin amarya. Har sunana an sassaƙa a jiki.

Dariyar da aka yi sai da mata suka leƙo daga nasu ɓangaren. Alhaji Usman ya gyara rawani, ya miƙo mini sandar ya ce, "Riƙe, na ga kai ka fi ni bukatarta yanzu." Gaskiya ya faɗa, ƙuguna ya riƙe. Na tsugunna ina ba shi haƙuri, hannu ɗaya a baya yana tare ɓarakar wando.

Na lallaɓa bayan motoci don in ɓuya. Ina nan tsaye ina cire shinkafa daga gwiwa sai ga Taha, wan ango, magidanci mai 'ya'ya uku, haifaffen Jidda. Fuskarsa babu dariya.

"Ya ammi," ya ce, wato baffa, "maganar da ka ji gaskiya ce. Ba Baba ba ne, ni ne. Bindigar tana cikin motata, wani abokina ya ara mini."

Na dube shi, ya ci gaba.

"Wallahi ban yi tunanin baƙin nan ba. Na ɗauka ƙara ce kawai, a yi shewa. Da na ji kana lissafa waɗanda za a kwashe, sai na ga surukata a ciki."

Na ce, "Taha, ko a motar aka same ta, ka gama yawo. Yalla, maza mayar masa da kayarsa yanzu, kafin a kira magariba."

Ya ce, "Halas, an gama." Ina kallo ya ja mota ya fita. Da ya dawo ya ɗaga mini hannuwa biyu daga nesa, babu kome.

Aka gama biki lafiya, aka kai Rabi ɗakinta, kowa ya kwana a gidansa. Ban faɗa wa kowa zancen Taha ba sai da shi da kansa ya ba da labarin bayan shekara biyu, don haka duk tsawon lokacin nan ni ne mahaukacin da ya kayar da surukinsa saboda sanda. Na haɗiye, kuma ko yau aka sake zan yi tsallen nan. Abin da na koya kawai shi ne, kafin ka kayar da dattijo a gaban jama'a, ka fara cewa, "Alhaji, mene ne a cikin ƙyallen?" Tambayar ba ta yaga wando.