Tsohon Kaset Ya Kai Ni Malumfashi

Ba zan taɓa mantawa da kukan fankar nan ba. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, sai na ji ta yi ƙiiit, ƙiiit daga falo, alamar an kawo wuta. A gidanmu in fanka ta motsa, talabijin ma takan farka da kanta, domin ba ma kashe ta daga bango. Da ranar ba a kawo wutar ba, da har yau ina shiga taron iyayen yara ba tare da na ja mayafi na rufe rabin fuska ba.

Tasha ɗaya ce eriyarmu ke kamawa tangaram a nan Funtua, kuma tashar nan, Allah ya shirye ta, wasa ɗaya ta mallaka a duniya. Wani tsohon wasan barkwanci ne na wani tela maƙaryaci da maƙwabcinsa mai shayi. Da safe shi, bayan Azahar shi, in mai karanta labarai ya makara a sako shi, in ana ruwan sama ma shi. Tun ina budurwa nake kallonsa, na yi aure, na haihu huɗu, tela bai gama ɗinka rigar liman ba. Yarana sun haddace shi fiye da karatun allo (wannan kuwa ba abin alfahari ba ne, na sani). Rabin 'yan wasan sun riga mu gidan gaskiya. Surukata Inna, wadda muke zaune tare, duk sanda mai shayin ya fito sai ta ce, "Allah ya jiƙan bawan Allah," sannan ta kwashe da dariya a daidai wurin da ta yi dariya jiya.

Ranar na ɗauki farantin shinkafata na shiga falo don in sha iskar fanka. Inna tana kan tabarma ta riga ta fara addu'ar mai shayi. Ni ba kallo nake ba, kunnena kawai ke bi. Ɗagowar da zan yi sai na ga rubutu yana tafiya a ƙasan hoton, fari a kan jan layi. Na karanta don dai ido ba ya ƙin karatu.

Sanarwar gaggawa ce. Ana umurtar iyayen ɗaliban makarantun kwana da aka lissafa su je su kwashe 'ya'yansu yau yau ɗin nan, kafin La'asar, saboda dalilan tsaro. Suna na uku a jerin shi ne makarantar 'yan matan da ke bayan garin Malumfashi. Nan 'yata take, aji biyu na ƙaramar sakandare.

Wanda ba a yankinmu yake ba ba zai gane abin da kalmar "tsaro" ke yi wa cikin uwa ba. Mun ga an rufe makarantu. Mun san gidajen da aka shiga, mun je jaje, mun zauna da matan da ba sa iya haɗiye ko ruwa. Farantin ya suɓuce daga hannuna ban ma ji faɗuwarsa ba.

"Ke lafiya?" in ji Inna.

"Inna, Ummi. An ce a kwashe su."

A nan sai na yi muku bayani. Ummi ita ce 'yar farina, kuma sunan Inna aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kaina. Shekara goma sha uku ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, ban taɓa rungumarta a gaban mutane ba. Ranar da aka kai ta makaranta ma ina kicin na yi kamar hayaƙi ne ya shige min ido.

Na kira malamar ajinsu, waya a kashe. Na sake, a kashe. Na kira Malam, maigidana, yana gona wajen Danja inda sabis sai an hau tudu, ba ta shiga. Duk kiran da bai shiga ba sai zuciyata ta fassara min shi da mafi munin fassara. Rubutun ya sake zagayowa, na sake karantawa, bai canza ba. A bayansa har da wani layi na taya al'ummar Musulmi murnar Babbar Sallah. Mu kuwa Sallah ta wuce da wata uku, naman layya ko ƙamshinsa babu. Na gani da idona, wallahi na gani, amma kaina bai tsaya ya tambayi komai ba.

Sai na aikata babban abin. Na buɗe zauren iyayen ɗalibai da muke da shi a waya, na danna, na yi saƙon murya ina kuka. Ban tuna duk abin da na faɗa ba, amma an sake kunna min shi sau da yawa daga baya, don haka na san ya fara da salati, ya ƙare da, "Don girman Allah kowa ya tashi, yanzu na gani a talabijin da idona!"

Na zura hijabi. Ina waiwayowa na ga Inna ta riga ta ɗaura ɗankwali tana neman sandarta.

"Inna, ki zauna, hanyar da nisa."

"In zauna? Takwarar tawa? Wuce mu je, kina ɓata min lokaci."

Na bar ƙananan wurin maƙwabciyata, muka hau Keke zuwa tashar mota. Allah ya taimaka motar Malumfashi saura mutum biyu.

Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsawo haka ba. Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsayi ta rufe gefen titi hagu da dama, ba ka ganin komai bayanta. Da can in na ga dawa haka sai in ce masha Allah, bana an samu. Ranar kuwa duk karan da ya motsa sai in ga kamar mutum ne zai fito. Bayan mun wuce Bakori wasu babura uku suka taho a bayanmu a jere, na runtse ido na kama hannun Inna, ina Hasbunallahu har harshena ya bushe. Da suka wuce sai na ga buhunan barkono ne suka ɗauko. Ban ji sauƙi ba. Tunanina ɗaya: yarinyar nan tsoron duhu take, ko banɗaki ba ta zuwa sai an raka ta. Idan an tasa su cikin daji, wa zai riƙe mata hannu? Kuma ban taɓa ce mata komai ba. Kullum "ke, ɗauko min", "ke, share nan". Na yi ta roƙon Allah ya ba ni ita ko na minti ɗaya.

Wayata kuwa tana ta ƙara a jaka. Ban duba ba. Na ɗauka iyaye ne ke neman ƙarin bayani.

Da muka sauka a ƙofar makarantar sai na tarar da abin da na haɗa. Motoci sun fi shida, babura ban ƙirga ba. Wani Alhaji daga Kafur ya zo da singileti a ƙarƙashin babbar riga. Wata mata daga Musawa ta taho da ƙullun fanke a hannu bai bushe ba. Duk sun dafe get suna magana lokaci ɗaya, Baba maigadi ya rungume kwaɗonsa yana cewa, "Ni ba a gaya mini ba! Wallahi ba a gaya mini komai ba!"

Daga ciki kuwa shiru. Wannan shirun ne ya ƙarasa ni. (Shirun karatu ne, jarrabawar tsakiyar zango suke rubutawa, shi ya sa malamai suka kashe waya. Amma wa zai gaya min a lokacin?) Ban san sanda na kutsa ta ƙarƙashin hannun Baba maigadi ba. Ni da ko a gidan biki ba a jin muryata, na tsaya a tsakiyar filin makaranta, na buɗe maƙogwaro na kwarma sunan da ban taɓa furtawa ba:

"Hauwa'u! Hauwa'uuu!"

Daga bayana, cikin nutsuwa, Inna ta ce, "Na'am."

Tagogi suka cika da kawunan 'yan mata. Shugabar makarantar ta fito daga ofis, wata doguwar Hajiya mai tabarau, ba ta ko sauri. Ta sa aka buɗe get, ta tara mu a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ta ce, "Wace ce ta yi saƙon?"

Yatsu kawai suka juyo kaina.

"Hajiya, a wace tasha kika gani?"

Na faɗa.

"Wasan telan nan ake yi?"

Na ce shi ne.

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. "Sanarwar nan gaskiya ce. An yi ta, mun sallami yara. Amma lokacin 'yarki tana firamare. A ranar suka naɗi wasan tare da rubutun, shi ne suke ta sako kaset ɗin yadda yake. Na aika musu takarda sau biyu. Bara ma wani uba ya zo daga Danja a guje." Ta mayar da tabaran ta dube ni ta samansa. "Sai dai shi kaɗai ya zo. Bai gayyato ƙananan hukumomi uku ba."

Alhajin Kafur ya ce, "Yanzu Hajiya, saboda tela na bar tirela ana loda min masara?"

Matar Musawa ta kalli hannunta ta ce, "Ni mai na bari a wuta."

Wani daga baya ya ce, "Ai tun ɗazu ake ta rubutawa a zauren cewa tsohon kaset ne, ita mai saƙon ta ƙi ɗaga waya!"

Na nemi ƙasa ta tsage, ƙasar Malumfashi kuwa ta ƙi. Abin da ya fi ci min rai, kashin wasan nan na kalle shi ya fi sau talatin. Na san inda tela zai ɓuya a ƙarƙashin teburi, na san tarin da mai shayi zai yi. Rubutun yana nan yana wucewa duk tsawon shekarun, ban taɓa karanta shi ba sai da na sami 'ya a makarantar.

Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri. Wasu sun yi dariya, wasu ko kallona ba su yi ba, ban kuma ga laifinsu ba. Inna tana zaune a kan benci tana gaya wa duk wanda ya zo kusa, "Shekara goma sha biyar tana gidana, yau na san ta san sunana."

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne. Yanzu tashar nan ko cewa ta yi yau Talata, sai na duba kalanda. Saƙon murya kuwa Malam ya ce in riƙa kunna masa tukuna, ni ma ban yi musu ba.

Bayan an tashi daga jarrabawa shugabar ta sa aka kira min Ummi. Na hango ta tana tahowa cikin shuɗin hijabinta, lafiya lau, har ta yi ƙiba, ƙawayenta na bin ta a baya suna kwaikwayon muryata. Na ce shi ke nan, na jawo wa yarinya abin tsokana har ta gama makaranta, ba za ta yafe min ba. Duk maganganun da na tanada a mota suka gudu. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta gaishe ni, ni kuwa kunyata ta dawo, na kau da kai na ce, "Ke, ya karatu?"

Ta ce lafiya. Ta raka mu har bakin get. Sai da za mu fita ta kama gefen hijabina ta riƙe gam, kamar yadda take yi tana ƙarama in an ɗauke wuta. Ta leƙa jakata, ta leƙa hannun Inna, sannan ta matso kusa da kunnena.

"Umma, na ji daɗi da kika zo. Amma don Allah in za ki sake zuwa cetona, ki taho min da gari da ƙuliƙuli."