Kore Biyar, Madanni Ɗaya

Zuwa ga
Mai Girma Babban Manajan Sashen Launuka da Kusurwoyi,
Kamfanin Shafi-a-Sauƙaƙe,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, ina roƙon ka miƙa gaisuwa ta musamman ga bawan Allahn da ya zauna a ofishinku ya yanke hukunci cewa launi huɗu sun ishi ɗan Adam zaman duniya. Irin wannan wadatar zuci ta yi ƙaranci a garin nan. Allah ya ƙara masa.

Sunana Ilyasu Yelwa. Shekarata ashirin da uku ina aiki a ɗakin karatu na wata ma'aikatar tarayya, inda littattafai suka fi masu buɗa su yawa, don haka ni nake karanta su a madadin kowa. Uwargidana, Hajiya Nafeesa, tana da shagon yadi da atamfa da leshi a kasuwar Gudu. Bara ta dube ni ta ce, "Baban Hanif, karatun nan naka dai bai taɓa sayar da ko yadi ɗaya ba. Ka buɗe mini shafi a intanet." Na ga tallarku, wadda ta ce ko wanda bai san komai ba zai iya haɗa shafi da manhajarku. Na ji kamar da ni kuke, na shiga.

Kafin in jero koke-kokena, bari in amsa tambayar da na san za ka yi. Manhajarku tana da akwati iri biyu da mai saye zai danna, wato madanni: mai kusurwa huɗu masu tsini, wanda yake karɓar kowane launi a duniya, da kuma mai lanƙwasassun kusurwoyi kamar sabulun wanka, wanda kuka ba launi huɗu kacal. Za ka ce me ya hana ni amfani da mai tsinin in huta? Na gwada, ranka ya daɗe. Mako biyu ba wanda ya danna komai. Ashe mutumin Abuja da ya hango akwati mai kusurwa huɗu a waya, fom yake gani. Ya cika fom na tantance ma'aikata, ya cika na fili, ya cika na sake tantance waɗanda aka riga aka tantance. Wata mai sayayya, ma'aikaciyar jinya ce, ta kira Hajiya tana raɗa, tana tambaya ko gwamnati ta fara rajistar masu sayen leshi. Da na mayar da akwatunan masu lanƙwasa, a ranar aka yi ciniki. Saboda haka lanƙwasar nan a wurinmu ba ado ba ce. Ita ce sallamar da ke gaya wa baƙo cewa nan shago ne, ba ofis ba.

To, ga abin da ke tafe da ni.

Na ɗaya. Launukan da kuka yarje wa madanni mai lanƙwasa su ne kore, ja, shuɗi da ruwan toka. Ina neman ilimi: a wace kasuwa aka yi wannan bincike? A shagon Hajiya kaɗai, wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fita, akwai ruwan goro, ruwan hoda, ruwan zuma, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ruwan ƙwai, makuba, da wani da ita kanta ba ta sa masa suna ba tukuna, tana jira ya nuna halinsa. Shin lanƙwasa kusurwa tana shanye fenti ne? Ko kuwa launuka suna tsoron kwana, kamar direban da bai saba da shataletalen garin nan ba?

Na biyu. Da na leƙa bayanan manhajar, sai na tarar kun yi wa launukan suna da Turanci gwargwadon halinsu. Kore shi ne nasara, ja shi ne haɗari, shuɗi sanarwa, ruwan toka kuma na biyu a daraja. Hajiya tana da wani jan leshi da iyayen amare suke rububinsa. Yanzu ni ne zan je in gaya mata cewa a wurin masana, abin da take sayar wa amare sunansa haɗari? Na san wasu magidanta za su ce masanan sun yi gaskiya, amma ba a bakina za a ji ba. Shi kuwa ruwan toka, manyan sakatarori ne ke ɗinka shi. Ku da su.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata baiwar Allah, Madam Felicity, shugabar zumuntar mata ta wani coci a Kuje. Shekara goma sha huɗu ke nan a shagon Hajiya suke yin ankonsu, tun shagon yana tebur. Ita ta kwana da Hajiya a asibiti lokacin haihuwar autarmu. Duk Kirsimeti shinkafarta tana zuwa gidanmu, duk Babbar Sallah cinyar ragonmu tana tafiya Kuje. A da, in lokacin anko ya yi, Madam takan shigo mota ta zo Gudu, ta zauna a kan benci, ta sa a sauke rabin shago, ta kai yadi bakin ƙofa ta duba shi a rana, ta zaɓa, ta tafi da bandir guda. Bana, da babban taronsu na shiyya ya gabato, sai ni, da bakina, na ce mata zamani ya wuce wannan wahala. Kowace mace ta shiga shafi daga wayarta, ta danna, a kai mata har gida.

Madam ta zo ta zaɓi algashi. Ta koma ta sanar a coci cewa kowa ta shiga shafin Hajiya ta danna koren.

Ranka ya daɗe, kore biyar ne a shagon. Akwai algashi, akwai tsanwa, akwai ruwan kuka, akwai koren soja, akwai koren tuta. Na yi wa kowanne madanninsa, na rubuta sunansa a jiki. Amma da yake ku kore ɗaya kuka sani, duka biyar suka fito iri ɗaya sak, a jere, kamar 'yan biyar ɗin da uwarsu ma ba ta bambance su. Wa yake tsayawa karanta ƙaramin rubutu bayan shugaba ta ce a danna kore, ga kuma kore yana kallonsa? Mata arba'in da biyu suka danna. Kowacce ta danna wanda babban yatsanta ya fi kusa da shi. Kowacce ta kai wa telanta, a Kuje, a Orozo, a Gudu, ba wadda ta ga na wata.

Ranar Lahadin da suka sa don gwaji, suka jeru za su shiga da waƙa. Ban je ba, amma an turo mini hoto, an kuma turo wa duk wanda yake da waya a babban birnin tarayya. Ka san amfanin anko shi ne a ga mutum arba'in kamar mutum ɗaya, a kasa gane matar darakta da mai sayar da ƙosai. Abin da aka gani ranar ya fi kama da lambun bakin rafi: ga alayyafo, ga latas, ga kabeji, ga kuɓewa can a baya tana riƙe da tulun kiɗa. An ce wani dattijon coci, Baba Thaddeus, ya tambaya ko bikin godiyar kaka aka matso da shi.

Washegari Madam Felicity ta iso shago. Ba ta zauna a bencinta ba. Ta ce, "Maman Hanif, shekara goma sha huɗu ban taɓa jin kunya a kayanki ba. Yanzu matana sun zama kayan miya. Taro saura sati uku. In ba a gyara ba, Wuse ma akwai kasuwa." Sannan ta juyo gare ni, don tsautsayi ya sa ina wurin, ta ce, "Oga zamani, sannu da aiki."

Yadi ba shi ne damuwar ba, Hajiya ta ce za ta canja wa kowa. Bencin nan da ba a zauna a kai ba, shi ya hana ta cin abinci. Ni kuma tun ranar ake ajiye mini nawa a rufe a kan tebur, ba mai ce mini ga shi.

Na huɗu. Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na karanta littafin jagorarku daga farko har ƙarshe, wanda ina zaton ni ne mutum na farko da ya yi haka, har da wanda ya rubuta shi. A shafi na sittin da wani abu na ga inda aka ce ana iya cusa lambar launi da hannu. Na cusa lambar algashi. Launin ya fito, Alhamdu lillahi, amma ya ƙi bin lanƙwasar. Ya tsaya da kusurwoyinsa huɗu suna leƙowa ta bayan madannin, kamar ƙato ya ɓuya a bayan turmi. Da na matsa masa ya shiga ciki, sai layin gefen ya zauna a korenku na gado, cikin kuma nawa, aka sami madanni mai riga daban da hula daban. Rubutun da ke kai kuwa kun ɗaure shi a fari har abada, ta yadda in aka sa shi a kan ruwan ƙwai sai mai duba ya haɗa da addu'a.

Na biyar. Wayoyin da aka sa wa yanayin duhu, manhajarku takan canja musu launi da kanta ba tare da shawara da kowa ba. A can, korenku ma ba kore ba ne. Wannan ba ni da abin cewa a kai, na dai rubuta ne don tarihi.

Na shida. Sau bakwai ina rubuta wa sashenku na sauraron koke. Sau bakwai ana ba ni amsa cikin daƙiƙa ɗaya, cewa kokena yana da muhimmanci a gare ku kuma an tura shi ga waɗanda abin ya shafa. A matsayina na ma'aikacin gwamnati, na yaba. Mu sai mun yi wata uku kafin mu ba da amsar da ba ta ce komai ba. Ku kun rage wa jama'a jira.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ku bar madanni mai lanƙwasa ya karɓi kowane launi, kamar yadda ɗan'uwansa mai tsini yake karɓa. Ku bar mu mu zaɓi launin ciki, da na gefe, da na rubutu, kowanne da kansa. In da hali, ku bar mai shago ya ɗauki hoton ƙyalle ya zama shi ne fuskar madannin, don akwai yadin da ba lambar da ta san shi. Ban ce ku ƙirƙiro sabon launi ba. Allah ya riga ya gama wannan aikin, ku dai ku buɗe ƙofa.

Saura labari ɗaya, wanda ladabi ya sa na ga ya kamata ka ji daga gare ni.

Asabar da ta wuce Hajiya ta sa ni a gaba muka tafi Kuje, ita da bandir ɗin algashi, ni da kwamfuta. A harabar cocin na buɗe manhajarku a gaban matan, na nuna musu madannai biyar ɗin, na ce duk wadda ta nuna mini algashi a ciki ta launi kawai, na yarda laifina ne. Suka zagaye ni. Sakatariyarsu, Malama Kindness, ta sa tabarau, ta cire, ta goge, ta mayar. Madam Felicity ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wanda ya yi wannan abu, yana da mata a gida kuwa?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Yana da ofis?" Ni kuwa, ranka ya daɗe, ma'aikacin ɗakin karatu ne. In aka tambaye ni inda abu yake, ban iya cewa ban sani ba alhali na sani.

Daga nan ta jawo kujera ta zauna kusa da Hajiya, ta ce a kawo wa Maman Hanif ruwa. Suka shiga tsara tafiya kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu. Da muka dawo gida, da hannunta Hajiya ta zuba mini tuwo, har ta tambaye ni ko miyar ta ji gishiri. A kan wannan ina yi wa kamfaninku godiya ta gaskiya, domin abin da ban-haƙuri ya kasa gyarawa, samun wanda za a haɗu a kansa ya gyara.

Don haka ina sanar da kai cewa ranar Litinin da misalin ƙarfe tara na safe, motocin bas biyu za su tsaya a ƙofar ofishinku. Mata arba'in da biyu ne, kowacce cikin koren da ta danna, don ka gani da idonka ka faɗa musu wanne ne nasara. Ba faɗa za su yi ba, mutanen kirki ne. Waƙa kawai za su yi, da tuluna da caki, kuma an shaida mini suna da baitin da ba ya ƙarewa sai an amsa. Hajiya za ta rufe shago ta biyo su da abincin rana, saboda ba su sa ran dawowa da wuri ba. Ina ba da shawara a tanadi kujeru.

Ka huta lafiya, Allah ya ja zamaninka, ya kuma ba ka kunnen saurare.

Naka mai biyayya, wanda zai tsaya daga tsallaken titi,

Ilyasu Yelwa,
Mijin mai shago, Kasuwar Gudu, Abuja.