Ranar da Na Ce wa Babur Ya Tsaya

Shekarar da tsutsa ta cinye mana auduga, kafin in haifi Sa'adu, ƙanena Isa ya sayo babur daga birnin Madani. Ya ce, "Yaya, wanga ko ɗan koyo sai ya tuƙa shi."

Ni da na horar da jakin da ya kayar da maza uku? Gaban matan gona na ɗaure zane, na haye, Isa ya tayar mini. Lafiya lau har bakin tur'a, babbar magudanar ban ruwa. Na ce wa babur "Tsaya!", na murɗo hannunsa baya kamar igiyar jaki. Ashe nan ake ƙara wuta.

Da ƙotar fartanya aka jawo ni daga ruwa.

Masu kallon duk sun rasu, saura Ladi. Har yau in babur ya wuce, sai ta ce, "Hajiya, ga jakinki."