Yadda Za Ki Dawo Wa Jitarki da Gurnani Kafin Kwamitin Coci Ya Sauke Ki

'Yar'uwa mai kaɗa jita, matso kusa. Idan kin haɗa jitarki da kwamfuta, kin sa manhajar nan mai kwaikwayon sautin manyan amfilifayoyin duniya, wato akwatunan ƙara sautin jita, sauti ya fito tas babu ɗigon hayaniya, amma dattawan cocinku suka ce kiɗanki ba shi da rai, to kin zo inda ya dace. Ni ce Murna, 'yar unguwar Sintali a Jalingo, mace ta farko da ta riƙe jitar gaba a cocinmu. Na karanta kimiyyar lantarki a jami'a, ko da yake a coci ba wanda ya taɓa tambayata. Ki bi matakan nan yadda na jera su, na ba ki tabbacin kujerarki ba za ta koma hannun Nelson ba. Kada ki ce ba ki san shi ba. Kowane coci da Nelson ɗinsa.

Mataki na 1: Ki bar tsohuwar amfilifaya ta mutu da kanta

Tamu wani baƙin akwati ce da ta girme ni. Da an kunna ta sai ta fara gurnani, "hmmmm", tun kafin a taɓa jita, kuma ba ta yin shiru sai an rufe sujada. Ranar wani ɗaurin aure ta yi tari, ta fitar da hayaƙi, ta huta.

Kada ki yi murmushi. Kada ma a gan ki kusa da ita. Duk da haka za a ce ke kika kashe ta, domin shekarun da Nelson ya yi yana kaɗa ta lafiya lau take, sai da aiki ya kai shi Wukari aka ba ki jita. Yanzu kuma an dawo da shi Jalingo, yana zama a bencin gaba yana kallon yatsunki.

Mataki na 2: Ki kawo tsabta, ki ɗaga kai

Ki zo da kwamfutarki ranar Lahadi. Ki zaɓi sautin amfilifayar da cocinku ba zai iya saye ba ko an sayar da motar fasto. Ki kunna maɓallin da ke toshe duk wata hayaniya idan ba kya kaɗawa. Shiru zai sauka a majami'a, irin wanda ba a taɓa ji ba tun da aka aza harsashinta.

Ki ji daɗin wannan shirun sosai. Shi kaɗai ne ladan da za ki samu na ɗan lokaci.

Mataki na 3: Ki sha kunya a tsaye

Kin san al'adarmu. Ba makaɗa ke fara waƙar yabo ba. Mama Rebeka, shugabar Zumuntar Mata, ita ke miƙewa ta ɗaga waƙa da muryarta kaɗai, jama'a su amsa, sannan masu kiɗa su bi baya. To daga ranar da na kawo tsabta, Mama Rebeka ta fara ɗaga waƙa daga inda ta ga dama. Yau tana can ƙasa, maza na neman muryarsu a cikin rijiya. Mako mai zuwa tana sama, 'yan mata na riƙe wuya. Ni kuma ina bin ta da yatsu sama da ƙasa a wuyan jita, kamar mai neman ɗan kunne a cikin yashi, duk coci na kallona.

Bayan sujada Baba Tobiya, shugaban mawaƙa, ya kira ni gefe.

"Murna, yarinyana, wannan kwamfuta naki, yana aiki kuwa? Ina kasa kunne, ba na jin yana numfashi."

"Baba, ai tsabtar sauti ke nan."

"Tsabta? Gawa ma ana wanke shi tas."

Nelson, wanda ba a kira ba, ya leƙo ta kafaɗarsa. "Sista, jita ba aikin ofis ba ne. Ki bar shi wa masu shi."

Kwamiti ya yanke: ina da daga nan zuwa Lahadin godiyar kaka. Idan kiɗa bai gyaru ba, za a nemo wata tsohuwar amfilifaya a kasuwa, a mayar wa Nelson jita, ni kuma in koma layin 'yan mata masu girgiza kacau-kacau. Kada ki yi kuka a gabansu. Ki ce, "To, Baba." Ki tafi gida a keke-napep, ki yi fushinki a hanya, mai keke ya saba.

Mataki na 4: Ki daina tambayar intanet

Za ki tarar da mutane suna faɗa a kan wannan magana kamar gādo ake rabawa. Wasu sun ce hayaniya datti ce, manhaja ta yi daidai da ta share ta. Wasu sun ce in babu ɗan gurnani da ɗan "shiii" a bayan sauti, kunne ba ya yarda cewa amfilifaya ce ta gaske. Dukansu a ɗakin kwanansu suke kiɗa, da abin ji a kunne. Ba ɗayansu da ya taɓa bin Mama Rebeka.

Maimakon haka, ki karɓi tsofaffin bidiyoyin aure daga wayoyin 'yan coci, ki saurara da jita a cinya. Abin da na gano ya sa na ajiye jitar. Duk waƙar da Mama Rebeka ta ɗaga a zamanin tsohon akwati, daga wuri ɗaya take tashi. Gurnanin da wutar lantarkinmu ke sa amfilifaya ta yi yana zaune dab da sautin da makaɗa ke kira G. Shekara da shekaru kunnenta na jingina da shi, ita kanta ba ta sani ba. Ni kuma na zo da digirina na janye mata bango.

Ƙarin ilimi kyauta: daga nan za ki gane dalilin da ya sa Nelson ya yi suna. A G kaɗai ya iya kiɗa. Ki riƙe wannan a zuciya, kada ki faɗa. Ki dai riƙa tuna shi duk sanda ya gaishe ki.

Mataki na 5: Ki tafi farautar gurnani, amma na gida

Manhajar tana da maɓallin ƙara hayaniya. Kada ki taɓa shi. Gurnanin da ke ciki na wutar Amurka ne, ya fi namu tashi sama. Na gwada shi a wurin koyon waƙa, Mama Rebeka ta bi shi ta hau, mata suka bi ta, kafin baiti na biyu rabinsu na neman ruwa.

Ki nemo gurnanin da ya sha wutar Jalingo. Ni a shagon Anti Lucy mai zoɓo na samo nawa, a bayan tsohon firjinta. Za ki durƙusa da waya a hannu, kanki cikin yanar gizo-gizo, masu sayen kunun aya na tsallake ƙafafunki.

"Murna, lafiya? Kin yi karatu har jami'a, yanzu kina hira da firji?"

"Anti, don Allah ki yi shiru kaɗan, ina ɗauka."

"A shagona? Sai ki gaya wa akuyan can ma."

Ki jure. Ki sake ɗauka har sai kin samu wanda babu akuya, babu hon ɗin keke, babu Anti Lucy tana ciniki.

Mataki na 6: Ki sa kaɗan, ki rufe bakinki

Ki shimfiɗa gurnanin a ƙarƙashin sautin jita, siriri, yadda kunne zai jingina da shi ba tare da ya lura ba. Gishiri ne, ba tuwo ba. Lahadin farko Mama Rebeka ta miƙe, ta ɗan karkata kai, ta sauka a kan G daram. Na shiga bayanta kamar tare aka haife mu.

Baba Tobiya zai zo ya dafa kwamfutar. "Ka gani? Yanzu ya fara ɗumi. Inji ma sai ya saba da wuri." Ki ce, "Gaskiya ne, Baba." Ba duk gaskiya ce take buƙatarki ba.

Mataki na 7: Ki tuna wuta ba 'yar'uwarki ba ce

Nan ne na yi sakaci, ke kada ki yi. Ranar godiyar kaka coci ya cika, doya da masara da buhunan shinkafa sun tare gaban bagadi, 'yan kwamiti na jere a bencin farko. Fasto ya ce a tashi a yi yabo, sai aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Makirufo ya mutu. Yaran janareta suka ruga waje.

Amma kwamfuta da batir take aiki, haka ma ƙaramar sifikar da ke gaban ƙafata. A cikin wannan shirun, wani abu ya ci gaba da cewa "hmmmm".

Nelson ya miƙe tsaye. "Jama'a, babu wuta! To mene ne yake kuka?"

Kada ki kashe. Kada ki sunkuyar da kai. Ki gyara igiyar jita a kafaɗa, ki kalli gaba. Mama Rebeka ba ta ma ji tambayarsa ba. Ta buɗe baki ta ɗaga waƙa, coci ya amsa har kwanon rufi na rawa, ni da 'yar sifikata muka riƙe su har aka ta da janareta.

Mataki na 8: Idan an kama ki, ki amsa da babbar murya

Kwamiti ya zauna a gindin mangwaro, ga Nelson da shaidarsa.

"Baba, yaudara ne! Firji ne! An gan ta a bayan firjin Anti Lucy!"

Baba Tobiya ya juyo. "Murna, haka ne?"

"Firji ne, Baba. Ni na ɗauko, ni na gyara, ni na auna. Kun ce kiɗa ya gyaru, ya gyaru. Ba ku ce da me ba."

Mama Rebeka ta gyara ɗaurin zaninta. "Ni ban san firji ba, ban san kwamfuta ba. Na buɗe baki, murya ya zo. Ku bar yarinya."

Baba Tobiya ya dubi 'yan kwamiti. Sannan ya ce, "Tsohon akwati, in wuta ya tafi, shi ma ya tafi, ya bar mu. Wannan ya tsaya da mu a duhu. Murna, ki riƙe jita."

Ki ce na gode sau ɗaya. Ki bi ta gaban Nelson a hankali, ba don komai ba, hanyar ce ta bi ta nan.

Gargaɗi

Ni Murna ba ni da hannu a duk abin da ya biyo baya. Idan kunnen shugabar matanku da wani abin daban yake jingina, matsalarki ce. Idan aka sa firjin mutane a addu'ar godiya, kamar yadda aka sa na Anti Lucy, kada ki kira sunana. Idan kuma mai firjin ta fara zama a bencin mawaƙa tana cewa ita ma 'yar ƙungiya ce, ki matsa ki ba ta wuri. Ni ma na matsa.