Ranar Da Na Sa Wa Famfo Rigar Sanyi

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa tambayar matata sunanta, ba zan taɓa mantawa da abin da na tafka a wata makarantar kwana da ke wajen Ikara ba. Zamanin soja ne, ana tsakiyar tsuke bakin aljihu, kullum rediyo sai labarin rage ma'aikata. In ka yi tari da ƙarfi a ofis ma sai ka waiga, kada a ce kai ne rarar da ake nema.

Ni ne malamin Turanci, kuma a lokacin ina jin duk ƙasar Zazzau babu mai ilimina (har da biro uku nake yawo a aljihun gaba, biyu ba sa rubutu).

A shekarar aka kawo mana injin jan ruwa da tanki da famfuna, kyauta daga wata ƙasar Turawa. Kafin nan rijiya ɗaya muke kokawa a kai, mu da ɗalibai da awakin gari. Wanda ya haɗa kayan kaf shi ne Baba Iliya, mai gyaran famfon makaranta, wani dattijo Kirista daga Janfalan. Bai taɓa zama a aji ba, amma in ya kara kunne a jikin bututu zai gaya maka inda yake yoyo. Ni kuma shugaban makaranta ya miƙo mini littafin da ya zo tare da injin, ya ce in karanta in ga ko akwai abin lura.

Akwai kuwa. Na tarar da shafi guda cur a kan lokacin sanyi. Wai ruwa yana daskarewa a cikin bututu ya kumbura ya fasa shi, saboda haka a naɗe bututun da ke waje, a rufe kan famfo, a tsiyaye ruwan tas kafin sanyi ya kankama. Ga mu a watan Disamba, ana irin ɗarin nan da alwalar asuba take zama jarrabawar imani. Na ce to, Allah ya kawo ranar da za a san amfanin boko.

Na tattaro buhunan taki, da tsohon bargona, da robar tayar keke, na bi bututu ina naɗewa. Famfon gaban ofis kuwa, da yake shi ne babba, suwaitata na sa masa, na ɗaure masa hannuwanta a wuya, na kifa masa safa a baki.

Baba Iliya ya zo ya tsaya, sifana a hannu, ya daɗe yana kallo.

"Malam, sannu da aiki. Famfon namu zazzaɓi yake yi?"

Na yi masa bayani dalla-dalla, har na ƙara da cewa ran Lahadi zan zubar da ruwan tankin gaba ɗaya.

Ya ce, "Malam, kayan da ka sa masa ba su dame ni ba, ya sha ɗuminsa. Amma ruwan nan a bar shi. Man da aka ja shi da shi, shugaba ya yi sati uku yana sintiri a sakatariya kafin ya samu."

Nan ne na yi maganar da har yau in na tuna nake jin kunya har tafin ƙafata. Na ɗaga littafin na ce, "Baba, kai ka rubuta ko Bature?"

Ya yi murmushi kawai ya ce, "Bature ne, Malam."

Ran Litinin wani Manjo zai zo daga Kaduna ya buɗe famfon, don haka shugaba ya hana kowa taɓa shi, aka ci gaba da rijiya. Ran Lahadi da la'asar na zare safa, na murɗe famfunan duka, na ga ruwa ya ɓalle, na wuce masallaci. Da na dawo sun tsaya, ƙasa ta jiƙe. Na rufe su, na mayar da safa, na tafi gida ina jin kamar na ceci ƙasa.

Litinin ɗalibai suka yi layi, aka yi taken ƙasa, Manjo ya iso da sandarsa a hammata, fuskar nan babu alamar an taɓa dariya da ita. Ya dubi famfo cikin suwaita, ya dubi shugaba. Shugaba ya tuɓe safar da yatsa biyu. Manjo ya murɗa.

Shiru. Ko tari famfon bai yi ba.

Mai hankali a nan zai lallaɓa ya ɓuya a bayan ɗalibai. Ni kuwa na tako gaba, na gyara biro, na ce, "Ranka ya daɗe, kada a damu, ni na zubar da ruwan jiya. Don kada ya zama ƙanƙara ya fasa bututu."

"Ƙanƙara?" in ji Manjo. "A Ikara?"

"Haka littafin ya ce, ranka ya daɗe."

"Na yi kwas a inda ake ƙanƙara, Malam. Can in ka tofa yawu, kafin ya sauka ya zama tsakuwa. Kai tun da aka haife ka, ka taɓa ganin randar uwarka ta daskare?"

Ɗalibai suka tuntsire. Shi bai yi dariya ba. Ya juya ga wani kofur ya ce a rubuta sunana da lambar aikina, wai ɓarnar kayan gwamnati. Na hango kaina a kasuwar Makarfi ina tallar rake da Turancin Ingila.

Sai ga Baba Iliya ya fito daga bayan layi, ya cire hula ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti ɗaya."

Ya taka zuwa gindin tanki ba tare da gaggawa ba, ya sa sifana ya juya wani makulli da ni ban ma san da shi ba. Famfo ya yi gurnani, ya yi atishawa, sai ruwa ya feso har kan takalmin Manjo. Tanki cike yake maƙil. Ashe tun kafin ya tafi coci ran Lahadi ya kulle shi, abin da na zubar ɗan na cikin bututu ne kawai.

Bai tsaya nan ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai Malam aiki ya rage mini. Sabon bututu dole a wanke dattin cikinsa kafin yara su sha. Ga shi ya fito garau."

Manjo ya dube shi, ya dube ni, ya san sarai rufa mini asiri ake yi. Ya tara hannu ya kurɓa, ya ce wa kofur ya soke sunan. Sannan ya ce da ni, "Ka tuɓe masa rigar nan, kai ka fi shi rawar sanyi."

Da yamma na je gidan Baba Iliya in ba shi haƙuri. Ya hana ni ƙarasawa, ya sa aka kawo mini kunu. Ya ce, "Malam, littafinka bai yi ƙarya ba. Da mutanen garinsu yake magana, kai kuma ka amsa."

Na yi shekaru a makarantar bayan nan, bai taɓa tayar da zancen ba ko da wasa (ɗalibai ne dai suka yi ta kirana Malam Ƙanƙara har na bar wurin). Tun daga ranar, duk takardar da ta zo da umarni, nakan fara duba garin da aka buga ta, sannan in leƙa taga in tabbatar da garin da nake.